Ɓarin Dama da Ɓarin Hagu

Ranar da za a kai ni Aujara na rantse ba mai taɓa min fuska, ai na ƙoshi da bidiyon kwalliya. Don in gwada, na shafa wa dama hoda da kwalli kawai, na lafta wa hagu ƙyalƙyali da gashin ido kamar tsintsiya. Ina nazarin madubi motoci suka iso, Gwaggo ta rufa min mayafi ta baya.

Wajen buɗar kai guɗa ta maƙale. Kakar ango ta leƙa dama, ta leƙa hagu, ta ce, "Wacce ce tamu?"

Har yau in na gaishe ta, sai ta amsa, ta zagayo hagu ta ce, "Ke kuma ba kya gaisuwa?"