Ranar da Na Kori Ɗan Kallo a Rusaifa

Na kalli ƙwallo a Khartum, na kalla a Abijan da Alƙahira. Don haka da ɗalibanmu 'yan Najeriya da ke karatu a nan ƙasa mai tsarki suka roƙe ni in yi alƙalancin wasansu da samarin unguwar Misfala, ban ja musu rai ba. Filin wani kango ne a unguwar Rusaifa, zagaye da katanga, ƙofarsa ɗaya ta ƙarfe.

Tun da aka take wasa bayan la'asar, wani dattijo Bakano a kan kujerar roba ya sa ni gaba. Duk busar da na yi sai ya ɗaga murya: "Haram alaik, ya hakam! Ka ji tsoron Allah, alƙali! Alhaji, tabarau ɗin naka na ado ne?"

A Abijan 'yan sanda ke fitar da irinsa. A nan kuwa ni ne hukuma. Na tsayar da wasa, na taka har gabansa, na ɗaga masa jan kati. Na kore shi da Hausa, na maimaita da Larabci, na ƙara da Faransanci don ya san da wa yake yi.

"In fita, Alhaji?"

"Yanzu!"

Ya ɗauki kujerarsa ya fita cikin natsuwa. Sai muka ji an datse kwaɗo ta waje. Kyaftin ɗin ɗalibai ya dafe kai: "Baba, ai shi ne mai gadin filin!"

Ana kiran magariba samari suka yi ta dira ta katanga. Ni kuwa sai da ƙarti huɗu suka cicciɓe ni, jallabiya a tattare, usur a baki.

Har yau in na shiga majalisa a Misfala sai wani ya ce, "Ku bar ƙofa a buɗe, alƙali ya iso."