Uban Kwalba Ya Je Dapango

Duk wanda ya zauna a Zangon Sokode a shekarun nan na mulkin soja bai san Direkta Salifu ba, to ya yi asarar zama. Mutum ne da Allah ya ba kunne. Mu sauran bayi fatar kawai muka samu, ta jin kiran abinci. Shi kuwa nasa, in ji shi, yana bambance sautin da ya ƙoshi da wanda ya kwana da yunwa. Bai iya jita ba, bai iya ganga ba, in ya ɗaga murya zai yi waƙa kajin unguwa watsewa suke yi. Amma shi ne Direktan ƙungiyar kiɗa ta Taurarin Zango, kuma ya cancanta, domin shi ke da akwatin.

Shekarar da aka kori baƙi daga Gana, kowa ya dawo da abin da hannunsa ya iya ɗauka, wani keken ɗinki, wani katifa, wani 'ya'yansa kawai. Salifu, wanda ya daɗe yana sharar wani gidan silima a Kumasi, wurin da bakinsa ke kira "sashen injiniyoyi", ya dawo rungume da ɗan akwatin ƙarfe. A cikinsa akwai 'yar kwalba guda mai kama da ƙwan fitila, wadda masu gyaran rediyo ke ce wa lamp. In an ba ta wuta sai ta yi ja a hankali. Daga nan Zango ta raɗa masa Uban Kwalba, a bayan idonsa dai.

Kada in ci haƙƙinsa, akwatin yana aiki. Samarin ƙungiyar suna da na'urar ƙara sauti, amfuli na taransisto, da suka haɗa hannu suka sayo daga Lome. Ƙarfi kam ba a magana, amma sautinsa a bushe yake, yana soke kunne. In aka fara sa wayar jita cikin akwatin Salifu, sannan aka ja wata wayar daga akwatin zuwa amfuli, sai sautin ya yi taushi, ya yi kauri. In aka murɗa maɓallin sosai, jitar ta ɗan dushe, ta riƙa wani gurnani mai daɗi da ke sa tsikar jiki tashi. Ranar da Mumuni mai jita, ɗan mahauta, ya fara jin haka, sai da ya lumshe ido ya ce, "Yaya Salifu, wannan abu naka alheri ne."

"Direkta," in ji Salifu.

Daga ranar suka shiga uku.

Sharuɗɗansa kaɗan ne, mutum ne mai sauƙin kai. Ba mai taɓa akwatin sai shi. Kujerarsa a gaba take, gaban mai waƙa. Ya samo farar rigar malaman asibiti a gwanjo, ita yake sawa a wajen kiɗa, har wata tsohuwa a unguwar Koma ta taɓa kawo masa jikanta ya duba masa ciki. Zanen da matarsa Jumma ta fi so, wanda take adanawa don Salla, shi ya zama bargon akwatin. Sannan ga babban sharaɗi: ba a fara kiɗa sai kwalba ta yi ɗumi. Wannan gaskiya ne, tana bukatar ɗan lokaci, kamar na shan ruwa kofi guda. Amma Direkta ya gano cewa kwalbarsa ba ta ɗumi sai da jawabi.

"Jama'a," haka yake farawa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan a kan akwati. "Taransisto lebura ne. Ƙato ne, a ba shi kaya ya ɗauka, shi ke nan. Ba ya da zuciya. Kwalba kuwa malama ce! Ita ke karɓar sauti yana ɗanye, ta dafa shi, ta sa masa mai, sannan ta miƙa wa lebura ya kai muku. Ni da na zauna da Turawan silima, in an rufe mini ido, an toshe mini kunne ɗaya, an tsayar da ni can nesa a garin Langabu, zan faɗa muku ko sautin da ake kaɗawa a Sokode ya bi ta kwalba ko bai bi ba."

A wani biki a Koma ya yi wannan bayani har shinkafa ta huce, dangin ango suka kama hamma. Haka aka haƙura da shi. Samarin suna son gurnanin nan, shi kuma ya san suna so.

Ana nan sai labari ya zo cewa gwamnati za ta aiko delege, wato wakilinta, daga Lome zuwa garin Dapango, ya saurari ƙungiyoyin kiɗan arewa, ya zaɓi ɗaya da za ta je babban birni bikin ƙasa, har a sa ta a rediyo. Tabɗi! Tun ba a je Dapango ba Direkta ya kai wa tela ɗinkin kwat. Ya bi gida gida yana sallama. Ya gaya wa Garuba mai shayi kada ya sa ran ganinsa nan kusa, domin in manyan Lome suka ji abin da ke kansa ba za su sake shi ba. Ya ma yi alkawarin zai riƙa tuna Zango a cikin hirarsa da su.

Ranar tafiya ya kame a gaban mota kusa da direba, akwati a cinya. Amfuli kuwa, lebura, aka ɗaure shi a sama tare da buhunan doya. Duk inda hanya ta lalace sai Direkta ya tsayar da mota, ya sauka, ya taka da ƙafa rungume da akwatinsa har ya wuce ramukan, sannan mota ta biyo shi. Direban ya zagi hanya, ya zagi doya, ya zagi ranar da ya koyi tuƙi. Ko da suka isa filin ƙwallon Dapango, sauran ƙungiyoyi duk sun yi sun gama, rana ta karkata. Delege, wani mai ƙaton tumbi da ya jiƙe sharkaf da gumi, yana ta duban agogo, yana so ya kai garin Mango da sauran haske.

Aka kunna injin wuta. Direkta ya warware zanen Jumma a tsanake, ya haɗa wayoyi, kwalba ta yi ja. Sai ya juya wa makaɗan baya, ya fuskanci delege, ya gyara farar riga.

"Ranka ya daɗe, kafin kunnenka mai daraja ya ji, ya kamata ya fahimta. Taransisto lebura ne..."

Ya bi ta Kumasi, ya bi ta Turawan silima. Yana kan hanyar Langabu delege ya miƙe, ya yi wa direbansa alama da hannu. Mumuni ya ga Lome tana shirin shiga mota ta tafi ta bar su. Bai yi shawara da kowa ba. Ya zare wayar jitarsa daga akwatin, ya cire ta akwatin daga amfuli, ya soka tasa kai tsaye, ya kaɗa. Ganga ta ɗauka, mai waƙa ya shigo. Sautin ya fito a bushe kamar yadda ya saba, har haƙoran Mumuni suka yi tsami, amma yaron ya kaɗa iya ransa. Fili ya ruɗe da rawa. Delege ya koma ya zauna.

Direkta ya so ya yi fushi da aka katse shi, amma da ya ga ƙafar delege tana motsi sai ya fasa. Ya rufe ido, ya karkata kunnen nan mai albarka.

"Kun ji?" ya ɗaga murya sama da kiɗan. "Kun ji ɗumi? Kun ji mai? Wallahi yau kwalba ta fi kullum! Wane taransisto ne zai iya wannan? A kawo shi in gani!"

Har da hawaye, Allah sarki. Daɗi ya kwashe shi, ya ga bai kamata babban baƙo ya tafi bai ga malamar da ido ba. Ya sunkuci akwatin, ya ɗaga shi sama da kansa, ya nufi rumfar manya yana taku ɗai-ɗai. Wayar wuta ta miƙe, ta fizge. Kwalba ta dushe, ta mutu. Wayoyi biyu suna reto a gefen kunnensa, ba wadda ke haɗe da komai. Kiɗa bai ko yi tari ba.

Ya isa gaban delege a haka, hannuwa a sama. Delege ya dubi akwatin, ya dubi wayoyin, ya leƙa makaɗan da ke ta aikinsu, sannan ya tambaya da Hausarsa ta kasuwa, "Wannan akwati, mene ne aikinsa?"

A karo na farko tun dawowarsa daga Gana, Direkta ya buɗe baki bai samu jawabi a ciki ba.

Taurarin Zango aka zaɓa. Delege ya ce wuri a mota kaɗan ne, masu kaɗawa da mai waƙa kawai za su je, da amfulin nan mai ƙarfi, a lulluɓe shi da kyau kada ruwa ya taɓa shi. Mai akwati kuma ya huta, ya sha hanya.

Ranar bikin, Zango ta taru a teburin Garuba mai shayi, an kewaye rediyo. Da jitar Mumuni ta fito daga Lome, wurin ya kaure da ihu. Direkta yana can ƙarshen benci cikin sabuwar kwat. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce a hankali, "A bushe yake. Ba ɗumi."

Wannan karon kam gaskiya ya faɗa. Garuba ya ce ya ɗan matsa, ana son wurin.