Fayif ɗin da ba ya kawo ruwa

Yaran da na ba hayar bene a Madabo kashi biyu ne, masu rubuta manhajar kwamfuta da masu tsare ta kada ta tsaya. Kullum faɗa, sai bana suka haɗa kai suka gina wani abu wai shi fayif-layin. Ranar miƙa aiki na ji ana ihu, "Fayif-layin ya fashe!"

Ni da na yi firamare har aji huɗu, wa zai koya mini fayif? Na kashe wutar gidan kaf kada ruwa ya taɓa waya, na kirawo mai gyaran famfo. Kwamfutocinsu suka mutu, aikin bai tafi ba.

Yaran suka ce, "Haba Baba, ba na ruwa ba ne, a cikin kwamfuta yake!"

To don Allah me ya kai su sa masa suna fayif? Har yau ko buta ce ta ɗiga a masallaci, sai an ce, "A kira Baba Injiniya."