Ranar da Rigar Baba ta Ƙi Lanƙwasuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da babbar rigar Babana ta ƙi lanƙwasuwa a hannuna ba, a gaban mutanen da na shafe mako uku ina rainawa.

Ni malamin gona ne a Tsanyawa. Aikina bai wuce zagaya gonaki a babur ina gaya wa manoma lokacin sa taki ba, su ce mini to, ina juya baya su yi yadda suka saba. Sai ga shi an zaɓe ni tare da Malam Sani, takwarana na Makoda, mu je kwas na adana hatsi a wani babban birni a Turai, a tsakiyar sanyinsu. Ana gobe zan tafi Baba ya kira ni ɗakinsa, ya buɗe adaka ya ciro farar shaddarsa mai aska takwas, wadda ba ta fitowa sai Sallah. Ya ce, "Ranar da za su ba ka takarda, ita za ka sa. A ɗauko hoto in gani da idona." (Yayana ya roƙi aron rigar nan ranar ɗaurin aurensa, Baba ya ce ya je ya ɗinka tasa.)

Tun daga filin jirgi na fara yatsina fuska. Gari ne wanda kafin ka shafa addu'ar la'asar duhu ya rufa. Ka yi wa mutum sallama a mota, ya dube ka kamar ka zo karɓe masa kujera. Ba mai zama a ƙofar gida, ba mai tambayar ya iyali. Bishiyoyinsu ko ganye ɗaya babu, na ce wa Sani da a wajenmu ne da tuni sun shiga murhu. Na ga ƙato da motarsa yana watsa gishiri a titi, gishirin da Inna take ƙullewa a leda tana ɓoyewa. Na ga kare sanye da jar rigar sanyi, uwar ɗakinsa tana tsaye tana jiransa ya gama shinshina sandar fitila. Duk abin da na gani sai na naɗa a murya in tura guruf ɗin 'yan unguwarmu, in ƙare da cewa, "Wallahi mutanen nan kuɗi kawai suka fi mu."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗakin wanki. Tsohuwar da ke kula da masaukinmu ta kai mu ta nuna mana inji mai wanki, da wani kuma mai busarwa. Na yi dariya na ce mata, "Mu a wajenmu rana ce ke wannan aikin, kuma ba ta cin wuta." Ta ce to, madalla.

Ranar Juma'ar ƙarshe na ce bari in nuna wa garin yadda ake sa sutura. Na zuba rigar Baba na nufi masallaci, ina taku ɗai-ɗai, haƙorana na kaɗawa amma ban yarda kowa ya gani ba. A hanyar dawowa wata bas ta taka narkakkiyar ƙanƙara, ta watsa mini baƙin caɓi tun daga ƙirji har ƙasa. Ga shi washegari ƙarfe huɗu za a ba da takarda.

Da safe na duƙa a bahon wanka na wanke ta da hannuna, don ba zan jefa rigar Baba a cikin injin da ban san halinsa ba. Na leƙa taga, sai ga rana tarwai, sama fes ba ko gajimare. Sani ya ce, "Malam, ka bi a hankali fa. Ranar nan ta kallo ce, ba wuta a cikinta."

Na ce, "Haba Sani, rana ai rana ce. Ita ce dai ta Tsanyawa, ba wata aka ƙera musu ba."

Na kwance igiyar da na ɗaure jakata, na zura ta hannuwan rigar, na ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu a ƙofar masauki. Na baza ta sosai don kowa ya ga aikin allura, na wuce kasuwa sayen tsaraba.

Wajen ƙarfe uku na dawo na tarar da mutane sun taru, kowa ya ɗaga waya. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, yau dai sun ga abin da injinsu ba zai iya ba. Na ratsa su ina gyaran murya, na kwance igiya, na miƙa hannu in tare riga kada ta faɗi ƙasa.

Ba ta faɗi ba. Tsayawa ta yi ƙiƙam, hannuwa a buɗe, ta daskare kamar ƙyauren langa-langa. Na ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta amsa. Na gwada ninkewa, na ji wani ƙas a wajen aikin wuya, na bari. Dole na rungume ta na nufi ƙofa, ita kuma ta fi ƙofar faɗi. Sai da na karkata ta na shiga da gefe, kuma wanda ya riƙe mini ƙofar shi ne shugaban kwas ɗin da kansa. (Sani kuwa, Allah ya isa, yana gefe yana ɗaukar hoto har da durƙusawa.)

A ciki tsohuwar nan na tsaye. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta dube ni, ta dubi rigar, ta ce, "Ranar taku ta gama aikin?"

Kunya ta kama ni har na ji zufa a cikin wannan sanyin. Kafin mu kai ɗaki ɗumin gidan ya saki rigar, ta langaɓe a kafaɗata tana ɗigar ruwa, jagab kamar yanzu na tsamo ta. Tsohuwar ta karɓa ta kai wa injin da na zaga, amma lokaci ya riga ya ƙure. Haka na karɓi takardata a cikin rigar sanyin aro mai kumburi. Ja ce kuma, launin ta karen nan sak.

Kafin jirginmu ya sauka Kano, hoton da Sani ya ɗauka ya gama zaga wayoyi har guruf ɗin unguwarmu. Na iske Baba a zaure da abokansa, yayana na gefe riƙe da waya, bakinsa har kunne. Na durƙusa na miƙa riga da takarda. Baba bai ko dubi takardar ba. Ya shafa wajen wuyan da zare ya tsinke, ya daɗe yana kallon hoton a wayar yayana, sannan ya ce, "Cewa na yi ka sa ta ka tsaya a ɗauke ka. Ashe ita ce za ta tsaya, kai ka riƙe ta." Ya tashi ya mayar da ita adaka, na ji ƙarar kwaɗo har zaure.

Tun daga nan, in manomi ya ce mini, "Malam, gonar nan ba haka take ba," kashe babur nake yi in zauna in saurara. Hoton da Baba ya nema dai har yau bai samu ba, kuma bana da ƙaramar Sallah yayana ne ya sa rigar.