Noti Ɗaya, Hannu Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na gaida surukina a guje. Na yi ƙoƙarin mantawar kuwa, amma a wajenmu abin kunya ba ya tsufa, mai shi ne ke tsufa.

Lokacin ana aikin dam ɗin Bakolori. Fadamar da ubanmu ya bar mana a gefen Maradun, mai ba da dawa da dankali har da albasa, tana cikin gonakin da aka ce ruwa zai hau. Ruwan kuwa bai saɓa alkawari ba. Bayan doguwar jeka-ka-dawo aka miƙo mini abin da suka kira diyya, na dangwala yatsa (ni da boko gaisuwar nesa muke yi). Masu hankali suka nemi wata gonar, ko ɗan maraƙi. Ni kuwa na sayi babur. Na hannu ne, amma ja.

Surukina mahauci ne a Bakura, dattijon da bai taɓa ɗaga mini murya ba, don bai ga na kai ba. Da labarin babur ya je masa, matata Hajo ce ta kawo mini amsarsa: "Baba ya ce ka bada abin da ka haihuwa, ka amso abin da ka shan mai."

Maganar ta zauna mini, don gaskiya ce. Rumbu ya yi ƙasa, ba gonar shuka, babur kuma ba ya tuƙuwa a tukunya. Ana haka sai Baba ya samu aikin kai nama sansanin leburorin dam, yana neman wanda zai riƙa ɗauka daga Bakura kullum da safe, kafin rana da ƙuda su raba. Mu biyu ake dubawa: ni da ɗan ƙanensa Bawa, mai keke. Ya aiko cewa in je ya ga babur ɗin, ya ga mai shi. Wannan aikin shi ne abincin gidana na shekarar, ba ni da wani.

To, babur ɗin nan hannun kulocinsa ya karye rabi, na birki kuma ya lanƙwashe kamar ƙahon rago (wani jaki ne ya tare ni a garin Kaya, ba laifina ba ne). Na ce ba zan je gaban Baba da guntun hannu ba. Ranar Talata na shiga kasuwar Mafara na sayo sababbi, masu walƙiya, da ɗan dunƙule a baki. Mai kayan ya ce, "Ka kai ma bakanike shi ɗaura ma." Na ce, "Mi ag ga ɗaurin hannu? Ni da nika ɗaura ma shanu garma."

Na zauna tsakar gida da sifanar aro, da wuƙar Hajo a madadin sukudireba. Aikin ba wuya: kowane hannu ƙusa ce mai zare ta ratsa shi daga sama, noti ya riƙe ta daga ƙasa, sai ka saƙala kan waya a raminsa. Na kwance duka biyun lokaci guda, irin na ƙwararru. Da na zo mayarwa sai noti ɗaya ya suɓuce ya faɗa cikin rairayi. Na lalube, na share, Hajo ta kawo rariya muka tankaɗe tsakar gida kamar garin tuwo. Babu. Har yau agwagwar maƙwabta nake zargi.

Ga hannu biyu, ga noti ɗaya. Na yi tunani irin nawa: kuloci kowane lokaci ana matsa shi, birkin hannu kuwa sai matsoraci, tunda ga na ƙafa. Na ɗaure wa kuloci notin tamau. Ƙusar birki na zura ta kawai, na naɗe gindinta da zaren kaba.

"Malam, kaba?" in ji Hajo.

"Da kaba aka ɗaure rufin ɗakin ga, kin taɓa ganin ya tashi?"

Washegari na sa rigar sallah na kama hanya. Farkon damina ne, manyan motocin aiki sun mai da hanyar kamar haƙarƙarin tsohuwar saniya. Babur na rawa, ni ina waƙa, ƙusa kuma tana hawowa sannu a hankali ban sani ba.

Na hango su daga kan tudun hanya. Baba da 'yan'uwansa mahauta suna zaune a inuwar marke, a ƙarshen gangara, bayansu kuma babbar magudanar ruwan da muke kira kanal. Bawa na tsaye da kekensa.

Nan ne ladabi ya kashe ni. Kowa ya sani ba a gaida suruki daga kan abin hawa, ko da takalmi a ƙafa. Ni kuwa na so in nuna nawa ladabin ya fi na Bawa sauri. Tun daga saman gangara na ɗauke ƙafar dama daga kan birki, na ƙetaro da ita hagu, na yi zaman gefe, na zubar da takalman a hanya, don babur na tsayawa in zame kai tsaye cikin durƙuso. Sannan na matsa sabon birkina.

Ya biyo ni. Wato hannun ya taho gaba ɗaya, ga shi a tafina yana walƙiya, waya na lilo. A ruɗe na damƙi kuloci. Shi kam, Allah ya sa masa albarka, ya yi aiki yadda ya kamata: ya saki injin, babur ya ƙara gudu.

Na ga fuskar Baba tana matsowa. Baki ya riga hankali, na ji kaina ina cewa, "Baba, an wuni lahiya?" Wallahi ya amsa. Ina wucewa ta gabansa na ji ya ce, "Lahiya lau." Sai kanal.

Da na ɗago kai, hula ta yi gaba, babur ba alamarsa sai kumfa da bakan-gizon mai a kan ruwa. Na rarrafo bakin gaɓa, na durƙusa cikin laka, hannun birki na nan a hannuna. Gaisuwar da aka fara ai sai an ƙarasa ta. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi.

"Ina gajiya?" in ji Baba.

"Ba gajiya, Baba."

"Ina iyali?"

"Suna lahiya."

Ya dube ni, ya dubi kumfar nan. Sannan ya yi tambayar da kowane dattijo ke yi in damina ta faɗi: "Ina ruwa?"

Amsa ɗaya gare ta, kuma kowa a wurin ya san ta. Ruwan da ya shanye gonar ubana, ya biyo ni har Bakura ya karɓi abin da ya saura, yana zuba daga hancina. Na sunkuyar da kai na ce, "Ruwa ya yi gyara."

"Madalla," in ji shi. Ya juya. "Bawa, gobe da sassahe."

Da igiyar shanu aka jawo babur. Injin ya sha ruwa da laka, bai sake tashi da daɗin rai ba. Ya ƙare a zaure, kaji na kwana a kai. Damanar nan a gonakin mutane na yi ta, ina noman ƙodago, Bawa na wuce ni da kwandon nama yana kaɗa mini ƙararrawa.

Hannun birkin yana nan har yau, da shi Hajo ke jan garwashi. Duk fadamar ubana abin da ya rage mini ke nan, kuma sai na ara.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. In Allah ya bar ka da noti ɗaya, ka ba birki. Tafiya kowane wawa ya iya ta.