Yadda Na Gaishe da Baban Bisi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaishe da baban Bisi ba, kuma ko na so mantawa, abokaina ba za su bar ni ba.

Muna aji biyu a jami'a aka kafa wata ƙungiya ta koyon harsunan juna. Akan haɗa ɗalibai biyu-biyu, kowa ya koya wa ɗan'uwansa yarensu. Ni aka haɗa ni da Bisi, Bayarabiya da ta tashi a hannun kakarta a Ibadan, amma iyayenta suna nan Suleja kamar nawa. Ina koya mata Hausa, tana koya mini Yarbanci (ita ta yi nisa, ni kuwa ban wuce gaisuwa da sunayen abinci ba).

Da hutu ya zo, ƙungiya ta shirya mu je Izom mu yi mako guda a gidajen 'yan'uwanmu ɗalibai Gbagyi. Bisi ce ta fi kowa shan wahalar shirya tafiyar, sai ga shi babanta ya ce ba za ta kwana a gidan da bai sani ba. Ta kira ni a waya: "Abeg, ka zo ka yi masa magana. Amma ka gaishe shi da kyau o. In gaisuwa ta ɓaci, magana ta ƙare."

Nan fa hankalina ya tashi. Gaisuwa da kyau a wajen Yarbawa ita ce namiji ya zube rub da ciki a gaban babba, ni kuwa iyakata ɗan rusunawa. Na shiga ɗaki ina ta gwaji, in zube in tashi, har Umma ta leƙo ta same ni a shimfiɗe a ƙasa.

"Kai kuma lafiya? Ciwon ciki ne ko iskokai?"

Da na yi mata bayani sai ta taɓe baki. "To ka dai kiyaye goshinka kada ya taɓa ƙasa. Sujada ta Allah ce." Tsorona ya zama biyu ke nan.

Ranar zuwa na sa gajeriyar jamfa da wandon shaddar sallar bara. Na ga zariyar wandon ta fara cinyewa, amma na ce yau ɗaya dai ba za ta ci amanata ba. Ina cikin keke ina ta maimaita Yarbancin da na haddace.

Na tarar da baban Bisi zaune a baranda, ƙaton mutum, fuska ba wasa. Ga matarsa, ga wasu maƙwabta biyu, ga Bisi raɓe a bakin ƙofa. Ban tsaya wata-wata ba, na zube da dukkan ƙarfina ina cewa, "E kaasan sa!" wato barka da rana. Ƙirjina na taɓa siminti na ji wani abu ya yi ɗas a ƙuguna. Zariya ce ta tsinke.

"Madalla ɗana, tashi, tashi," in ji shi da Hausa tsantsa (ashe tun yana saurayi yake kasuwanci a Suleja, duk haddata ta tashi a banza).

Na yi tunani cikin sauri. Hannuwana biyu suna dafe da ƙasa. In na miƙe, wando zai zauna inda yake, jamfar kuwa ba ta kai gwiwa ba. Sai na yi lamo.

"Na san abin da ya kawo ka," ya ce. "Tashi mu yi magana."

Ban motsa ba. Gumi na ɗiga daga hancina, ina ta Innalillahi a zuci. Abin da ban sani ba shi ne, a wajensu wanda ya ƙi tashi roƙo yake yi, ba zai ɗaga ba sai an biya masa bukata. Maƙwabta suka fara gyaɗa kai. Maman Bisi ta tafa hannu: "Haba Baba Bisi, dubi ɗan mutane! This one get respect pass our own children." Wato wai na fi 'ya'yansu ladabi.

Dattijon ya yi ajiyar zuciya. "To, na yarda ta tafi. Yanzu ka tashi."

Har yanzu ina kwance.

"Wani abin ne kuma?"

Na ce da ƙaramar murya, "Baba, ɗan matso kusa." Ya sunkuyo, na raɗa masa gaskiya.

Sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya kori matan ciki, ya yanko igiyar shanya da hannunsa ya miƙo mini. Ina ɗaurawa ina da tabbacin zai janye izinin, na jawo wa Bisi asarar tafiyarta.

"Dattijo ba ya lashe amansa," ya ce yana share ido. "Kuma yaron da ya gwammace ya kwana a siminti da ya tsaya ba wando a gaban 'yata, zan iya ba shi amanarta."

Mun je Izom har da Bisi, kuma kafin mu dawo kowa ya iya kirana Mai Zariya da harsuna uku. Koyon al'adar mutane abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma kafin ka zube a gaban baban wani, ka fara duba abin da ke riƙe da wandonka.