Rasuwar Mai Shela, Wanda Ya Kwana Ashirin da Uku a Aljihuna Yana Gawa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ga kunya kuma a kai, ni mai gyaran injin ban-ruwa na bakin gada nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da duk wanda gidansa ke ƙasan madatsar ruwa rasuwar amininmu Mai Shela. Ya rasu bayan shekara bakwai yana zaune a cikin wayata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jiya ya cika ba. Yau kwanansa ashirin da uku da mutuwa, ina yawo da shi a aljihun gaba ban sani ba.

Da yawanku kun san muryarsa, ba ku san asalinsa ba. Marigayin ba mutum ba ne, ba kuma wayar ba ce. Masu aikin kwamfuta RSS suke ce masa. Shafin intanet na hukumar madatsa yana da wani ɗan adireshi a gefe, inda kowace sabuwar sanarwa ke faɗawa da zarar an wallafa ta, da takenta da kwanan wata da layi biyu na bayani. 'Yata ta fari, mai aikin kwamfuta, ita ta sa mini manhajar da ke zuwa wannan adireshi duk bayan minti goma sha biyar ta leƙa. In babu sabon abu, ta dawo bakinta rufe. In akwai, wayar ta ce ƙwal-ƙwal, sau biyu, ba ƙari. Sai in goge hannu in karanta: za a buɗe ƙofa ɗaya ranar kaza, ruwa zai hau kamu kaza.

Na shaida marigayin mutumin kirki ne. Bai taɓa tallata mini sabulu ba. Bai taɓa tambayar sunana ko shekaruna ba. Bai zaɓa mini abin da yake ganin zan so ji. Abin da aka ba shi, shi yake kawowa, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Cinsa kaɗan ne, ko datar da ta rage ƙiris tana isarsa. Sau goma sha ɗaya ya tashe mu muka janye injina daga gaɓa kafin ruwa ya iso. Shekarar da aka buɗe ƙofa biyu, da shelarsa muka kwashe awakin unguwa, ko ɗan akuya ba mu rasa ba.

Daga nan ne muka ɗauki ɗabi'ar da ta kawo mu inda muke yau. Kowace safiya, duk mai wucewa zai leƙo shago.

"Injiniya, ya yi magana?"

"Bai yi ba."

"To, madalla."

Shi ke nan, sai ya tafi gonarsa hankali kwance. Sannu a hankali aka daina duban sandar awon ruwa da ke jikin gada, har ciyawa ta rufe ta. Wa zai jiƙa ƙafa alhali Mai Shela na nan? Ni ma, in faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Mutumin da hannunsa ba ya rabo da baƙin mai, ga manya suna tsayawa a ƙofarsa suna jiran bakinsa.

Game da jinyarsa, bai yi ba. Ba tari, ba nishi. Hukumar ta sabunta shafinta, aka yi masa kwalliya da hotuna masu motsi, ɗan adireshin nan kuma aka share shi tare da tarkacen tsohon shafi. Wataƙila wanda ya yi aikin bai ma san akwai masu rataye da shi ba. Manhajar ta ci gaba da zuwa tana ƙwanƙwasa ƙofar da babu ita, tana dawowa shiru. Shirun lafiya da shirun mutuwa kuwa a kunnena iri ɗaya ne. Safiya ashirin da uku, a tsakiyar damina, na buɗe baki na ce wa mutane "bai yi ba".

Ruwa ba ya tsami banza. Tun makon jiya wani masunci yake ce mini kogi na ɗauko rassan da ba na itatuwanmu ba, launinsa kuma ya koma ja. Na yi masa dariya, na ce ya bar aikin ga masu ilimi. Kaico da bakina.

Jiya Litinin 'yata ta zo gaishe mu. Ina cikin yabon marigayi, ina cewa bana madatsa ta yi hankali, sai ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, wannan ɗigon toka a kusurwa, tun yaushe yake nan?"

"Datti ne. Na goge ya ƙi fita."

"Ba datti ba ne, Baba. Cewa yake bai samu adireshin ba."

Ta buɗe sabon shafin a tata wayar, ta juyo mini da shi. Sanarwa uku ne a jere, duk sun wuce mu. Ta ƙarshe ta ce jibi Alhamis, ƙarfe goma sha biyun rana, za a buɗe ƙofa huɗu, kuma mazauna ƙasan madatsa su tashi. Huɗu. Tunda nake ban taɓa ganin an wuce biyu ba. Na zauna a kan jarkar mai.

Marigayin ya bar 'yan'uwa biyu a wayata, mai kawo hasashen yanayi da mai kawo labarin kayan gyara. Suna raye, amma yanzu ko sun yi shiru na awa ɗaya sai in taɓa su in ji ko da numfashi. Ya bar wani ɗan'uwa na nesa a dandalin sada zumunta, inda hukumar ta ce a riƙa bibiyarta, mai surutun tsiya, wanda ke cusa sanarwar ambaliya tsakanin bidiyon rawa da tallan takalmi, in ya ga dama ya nuna maka bayan kwana uku. Ya kuma bar marayu gida arba'in da ɗaya.

A cikin marayun akwai yayana, wanda gidansa ne na ƙarshe kafin gaɓa. Da na fita daga shago gurinsa na fara zuwa. Na same shi yana gyaran shingen masararsa, saura mako biyu ta isa girbi.

"Yaya, ku tashi. Ruwa na zuwa ranar Alhamis."

"Ya yi magana?"

"Ya mutu, Yaya."

"Waya ce ke mutuwa tana haske? Shekara bakwai kana ce mana in bai yi magana ba mu kwanta. Da bakinka ka faɗa mini yau da safe. Yanzu kuma don yarinya ta nuna maka hoto, sai in bar gonata ga ɓarayi? In ya yi ƙwal-ƙwal ɗinsa ka zo ka same ni."

Ya juya ya ci gaba da ɗaurinsa. Unguwa kuma shi take kallo. In bai ɗaga tabarma ba, rabin gidajen nan ba za su ɗaga ba. Ni na koya musu su yarda da marigayi fiye da idonsu, yau ga shi sun yarda da shi fiye da ni. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na rubuta wannan takarda na liƙa a ƙofar shago, domin mutanenmu ba sa yarda an mutu sai sun ga an binne.

Za a yi jana'iza gobe Laraba, ƙarfe takwas na safe, a gaban shagona. Zan ɗaga wayar kowa ya ga ɗigon da idonsa, 'yata ta karanta sanarwar da ƙarfi, sannan in goge marigayi a gaban shaidu. Daga nan za a raka shi zuwa filin makarantar kan tudu. Masu rakiya su zo da katifu, takardun gida, maganin tsofaffi da dabbobinsu. Mai amalanke da mai babur mai ƙafa uku sun yi alkawarin yin ko sawu nawa aka buƙata. Ba za a yi zaman makoki a gida ba, domin ba ni da tabbacin akwai gidan da za a zauna ranar Juma'a.

Yaya, na san za a karanta maka wannan. Ka ci gaba da fushi da ni, na cancanta. In ba za ka taka zuwa jana'izar ba, ka aiko da yaran da uwarsu su wakilce ka. Su zo da kayan sawarsu.